A Daina Ɓata Motocin Nan da Kwalliyar Banza

Ba ƙaramin takaici nake ji ba idan na ga mota mai buɗaɗɗen rufi, irin su Bentley Continental GT ko Mercedes SL, an lulluɓe ta da leda mai ruwan gwal, an sa mata ƙafafu masu ƙyalli, sannan an buɗe salansa tana ta ƙara a titin Ahmadu Bello ranar ɗaurin aure. Haba jama'a!

Waɗannan motoci an ƙera su ne don doguwar tafiya cikin natsuwa. Kyansu yana cikin dogon gaba, da ƙasa-ƙasan jiki, da layin da ke tafiya sumul daga fitila har baya idan an naɗe rufin. Masu zane sun ɓata shekaru suna daidaita wannan, sai mutum ya zo rana ɗaya ya rufe shi da ƙyale-ƙyale.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a majalisa ba a tambayar komai sai "nawa aka saye ta?" Mu da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna tun 1975, iyayenmu sun san 504 ciki da waje, kuma ita ma tana da samfuri mai buɗaɗɗen rufi da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Ba hayaniya, amma har yau tana ɗaukar ido.

Ga kuma masu buɗe rufi da tsakar rana lokacin hunturu, ƙura na cin kujerun fata. Ku bari sai bayan la'asar, don Allah.