Halleluyar da Na Yi wa Ciwon Gwiwa

Ranar Laraba, 2 ga Nuwamba 2016, duk wanda ke zaune a Shikago ya san abin da ake ciki. Ƙungiyar besbol ta Cubs za ta buga wasa na bakwai, na ƙarshe, da Cleveland a gasar World Series, kofin da rabonta da shi tun 1908. Shekara 108! Laraba kuma a cocinmu ranar addu'a ce, ƙarfe bakwai na yamma, daidai lokacin fara wasan.

Na gwada tari. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, mai tari ai shi ya fi bukatar addu'a. Sa takalmi."

Surukata, wadda ta zo mana daga Jos, ita ce ta fi kowa mamakin lamarin. Yara sun ba ta labarin cewa a 1945 an kori wani mai mashaya da bunsurunsa daga Wrigley, filin wasan Cubs, shi kuwa ya yi wa ƙungiyar baki. Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Bunsuru ɗaya ya hana gari guda barci tun 1945? Da a Jos ne, ba zai ga Kirsimeti ba."

Na sa ƙaramar rediyo a aljihu, na bi da waya ta cikin riga har kunne, na ja hular sanyi na rufe. Nuwamba ne, wa zai tambaye ni?

An rera waƙa, Fasto ya ce a kawo roƙon addu'a. Wata dattijuwa ta zumuntar mata ta miƙe a hankali tana cewa gwiwarta ta hana ta barci, likita ma yana maganar tiyata. A daidai nan Dexter Fowler na Cubs, mutum na farko da ya ɗauki sanda, ya narka ƙwallo ta haye katanga. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Halleluya! Ta tafi! Ta tafi!"

Coci ya yi tsit. Dattijuwar ta juyo, idonta ya ciko da hawaye, ta ɗaga hannu ta ce, "Amin, ɗana, na karɓa!" Sai Amin ta ko'ina. Fasto ya ce tunda Ruhu ya sauko wa ɗan'uwanmu haka, shi zai jagoranci addu'ar. Na tsaya gaban jama'a, kunnen dama na Cleveland, na hagu na Shikago. Addu'ar da na yi, Allah kaɗai ya san inda ta dosa; na dai tuna na roƙa a ƙarfafa hannun masu jifa, aka ce Amin.

Uwargida ba ta ce Amin ba. Ina dawowa kujera ta zura hannu ƙarƙashin hula, ta zare wayar kamar mai cire ƙaya daga kifi, rediyo ta koma jakarta.

Mun iso gida Cubs na gaba. A zagaye na takwas Rajai Davis na Cleveland ya rama, aka koma 6 da 6, uwargida ta ce alhakin gwiwa ne. Ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17, Mama kuma, wadda ta raina bunsuru, ta durƙusa gaban talabijin tana tsawata masa da sunan Yesu. A zagaye na goma Ben Zobrist, ɗan fasto ne ma, ya buga wadda ta sa muka wuce. Aka tashi 8 da 7.

Ranar Lahadi dattijuwar ta fito ba da shaida, gwiwa ta yi sauƙi, har da ɗan taka rawa. Dattawan coci suka zauna, suka ɗora mini jagorancin addu'ar Laraba baki ɗaya. Wasa 162 Cubs ke bugawa kowace kaka, kuma ba sa tsallake Laraba.