Rawar Kan Babban Babur Tana da Dalili, Kuma Yawanci Daga Gida Ake Fitowa da Ita

Tun da titin Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano suka samu gyara, manyan baburan tafiya mai nisa sun ƙara yawa a garin nan na Zariya, kuma ina cikin masu farin ciki da hakan, domin ni ma mahayi ne. Sai dai akwai wata magana da nake yawan ji a majalisar mahaya wadda ba ta kwanta mini ba. Idan babur ya kama rawar kai yana tsakiyar gudu, sai a ce ai iska ce ta buge shi, ko halin samfurin ke nan, ko kuma tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba, amma a ganina mafi yawan baburan da ke yin wannan rawa sun baro gida da cutarsu, gudu kawai ya tona ta.

Ya kamata a fara bambance abubuwa biyu da muke haɗawa a suna ɗaya. Tun a 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya nuna da lissafi cewa kowane babur yana ɗauke da waɗannan halaye a cikin ƙirarsa. Na farko shi ne kaɗawar kai, inda tayar gaba da hannun babur suke bugawa dama da hagu da tsananin sauri, kimanin sau 6 zuwa 10 a sakan guda, kuma yakan bayyana ko a matsakaicin gudu, wajen kilomita 60 zuwa 80 a awa, musamman idan an saki totur ko an sassauta riƙo. Na biyu shi ne lilon jiki duka, wanda yake farawa daga baya, babur ya riƙa karkata yana murɗawa kimanin sau 2 zuwa 3 a sakan, kuma yana ƙara tsanani ne gwargwadon ƙaruwar gudu. Wannan na biyun shi ne babban abokin gabar babur mai nauyi da aka ɗora wa kaya, kuma wanda bai san bambancin ba zai yi ta kashe kuɗi a gaban babur alhali cutar tana baya.

Asalin abin yana cikin yadda aka karkata wuyan babur. Wurin da tayar gaba take taɓa ƙasa yana bayan inda layin wuyan zai sauka da kimanin santimita 10, kuma wannan 'yar tazara ce take sa taya ta koma tsakiya da kanta duk lokacin da wani abu ya kautar da ita. Duk wanda ya taɓa tura gadon marar lafiya a asibiti da sauri ya ga yadda ƙananan ƙafafunsa suke karkarwa, to dalilin ɗaya ne: taya tana komowa tsakiya da ƙarfi, ta zarce, ta sake dawowa. A lafiyayyen babur, robar taya da shokozoba da ƙarfin ƙashin babur suna shanye wannan motsi tun kafin mahayi ya ji shi. Idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, kowane bugu sai ya fi na bayansa girma.

A nan ne nake ganin babban sakacinmu, wato taya. Mutum zai sayi babur na miliyoyin naira, sannan ya ɗaura masa tayar gwanjo wadda ta gama aikinta a Turai, domin kawai zanenta bai goge ba. Alhali shekarun taya a rubuce suke a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019. Robar da ta tsufa tana bushewa ta yi tauri, zafin ranar Zariya a watan Maris da Afrilu kuma ba ya raga mata. Sannan doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi tana cinye tsakiyar tayar baya har ta baje ta yi kafaɗu, ta gaba kuma ta yi tudu da kwari, kuma kowanne daga cikin biyun ya isa ya tayar da rawa. Haka nan haɗa tayoyi masu bambancin saƙa, ko ɗaura tayar da harafin gudunta, wato harafin da ke gefenta mai nuna iyakar gudun da za ta jure, bai kai ba, domin S tana tsayawa ne a kilomita 180 a awa, H a 210, V a 240.

Batun iskar taya ya fi wannan sauƙi, kuma shi aka fi rainawa. Da yawa daga cikin manyan baburan tafiya suna son awo 36 a gaba da 42 a baya a irin gejin masu faci, amma hukuncin ƙarshe yana cikin littafin babur ko takardar da aka manna a jikinsa. Ana aunawa ne da safe taya tana da sanyi, ba bayan an iso Jaji daga Zariya ba. Danna taya da babban yatsa, ko ƙwanƙwasa ta da ƙarfe a saurari amo, ba awo ba ne. Ina roƙon kowane mahayi ya mallaki gejinsa, domin kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Sai kaya. Mun saba da ƙananan babura irin na 'yan acaɓa, waɗanda ake ɗora wa buhun masara a baya su kai shi Giwa ko Shika lafiya, domin gudunsu bai kai inda lilo yake farkawa ba. Wannan sabo ne muke ɗauka mu kai kan babur mai iya ninka gudunsu. Akwatin bayan nan da ke sama, galibi masu ƙera shi suna ƙayyade masa kilo 5 zuwa 10 ne kawai, amma sai a cusa masa kayan aiki da galan na mai, a kuma ɗaure jaka a samansa. Duk nauyin da ya zauna a sama kuma a bayan gindin tayar baya yana ɗage nauyi daga tayar gaba, ga shi kuma yana lilo da kansa idan mariƙinsa ya yi sako-sako. Abin da ya dace shi ne kaya masu nauyi su sauka ƙasa cikin akwatunan gefe, a daidaita dama da hagu, sannan a ƙara ɗaure sifirin na baya da iskar taya idan za a ɗauki mutum na biyu. Wannan ba matsalar marasa ƙwarewa kaɗai ba ce. A 2007 rundunonin 'yan sanda da dama a Birtaniya sun janye baburansu samfurin Honda ST1300 daga aiki, bayan binciken mutuwar wani jami'i a 2005 ya danganta haɗarin da irin wannan lilo a kan babur mai ɗauke da kayan aikin 'yan sanda. Idan hakan ta faru da horarren mahayi a kan titi mai kyau, mu ba mu da hujjar yin wasa da lodi.

Boris ɗin wuya shi ne na uku, kuma ramukan hanyar Funtuwa da ta Pambeguwa suna saurin gamawa da shi. Gwajinsa ba wuya: a kafe babur a ɗaga tayar gaba, a juya kai a hankali, idan ya ɗan maƙale a tsakiya to boris ya ci, a kama ƙafafun gaba a ja a tura, idan an ji ƙwas to ya saki. Ɗaure shi fiye da kima ma illa ce, domin babur zai riƙa yawo a hanya. Haka za a duba boris ɗin tayoyi da na ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, da shokozobar da ta zubar da mai, da rim da ya lanƙwashe, da tayar baya da aka karkatar wajen jan sarƙa.

Ban ce iska ba ta da hannu ba. Dogon gilashin tare iska, musamman wanda aka ɗaure a hannun babur ba a jikinsa ba, yana miƙa duk bugun iska kai tsaye zuwa ga tuƙi, kuma wanda ya taɓa wuce jerin tireloli a Mararrabar Jos lokacin hunturu ya san yadda iskar take. Amma iska da rami da gaɓar kwalta masu tayar da rawa ne kawai, lafiyayyen babur yakan girgiza sau ɗaya ko biyu ya nutsu. Saboda haka ba na goyon bayan masu gaggawar sayen ɗan shokozoban nan da ake ɗaura wa wuya domin ya hana kai bugawa. Yana da amfani a wurinsa, amma ba ya gyara tsohuwar taya ko sakakken boris, ɓoye alamar kawai yake yi, kuma idan aka ɗaure shi da yawa yana iya ƙara lilon baya.

Idan kuma abin ya riga ya kama ka a hanya, ɗan'uwa, kada ka yi kokawa da hannun babur, domin saurin bugunsa ya fi saurin hannun ɗan Adam, kuma ƙanƙame shi yana kai girgizar cikin jikin babur duka. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka sassauta kafaɗu, ka sunkuya gaba domin nauyinka ya koma kan tayar gaba, ka rage totur sannu a hankali, kuma ka guji damƙe birkin gaba. Shawarar da wasu ke bayarwa cewa a ƙara wuta a wuce wurin tana da haɗari ƙwarai idan lilon baya ne, tunda shi da gudu yake girma. Da zarar ya lafa, ka sauka gefen titi ka duba iskar taya da kaya da wuya, kuma ko ba ka ga komai ba, ka ƙarasa tafiyar da gudun da bai kai wanda abin ya fara a kansa ba, sannan babur ya wuce wurin bakaniken da ya san manyan babura kafin a sake fita da shi.