Ba netwok ba ne, ku duba sabarku

Na gaji da amsar nan guda ɗaya. Duk sanda oda ta ɓace a manhajar da muke biyan kuɗinta wata-wata, na kira kamfanin da ya gina ta, sai yaron da ke ɗaukar waya ya ce, "Yallaɓai, netwok ɗinku ne, ku sake gwadawa." Haba! Wane netwok?

Taki da maganin feshi muke sayarwa a sari a nan cikin Katsina, ni ne mai riƙe wa Alhaji lissafi. Dilolinmu na Daura, Mashi, Dutsin-Ma da Malumfashi ta waya suke shigar da oda, mu gani a kwamfuta, mu loda wa mota. Yawancin oda tana shigowa lafiya lau, shi ya sa ma abin ke da cin rai. Da manhajar mutuwa ta yi ɗungurungum, da kowa ya koma kiran waya mun huta. Amma a'a. Ta karɓi wannan, ta karɓi wancan, ta haɗiye na gaba, ba alama. Dila na can bakin shagonsa a Daura, kusan kilomita 80 daga nan, yana jiran buhunan yuriya, manoma sun tsaya a kansa ga ruwa ya sauka, mu kuma allonmu fes, ba mu san ma ya nema ba.

To ku masu kamfanin manhajar, bari in gaya muku abin da ya sa ban yarda da zancen netwok ba. Dilolin suna turo mini hoton allon wayarsu. Farin shafi ne, an rubuta 502 da manyan lambobi, a ƙasa kuma an rubuta nginx, sunan manhajar da ke gadin ƙofa, tana karɓar saƙo tana miƙa shi ciki. Wa ya rubuta wannan shafin? Kamfanin waya? Sabarku ce ta rubuto shi, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai. Ma'ana saƙon ya tashi daga Daura, ya bi intanet, ya iso ƙofarku, mai gadin ƙofar ya karɓa, ya miƙa ciki, na cikin ɗaki ya ƙi amsawa. In da netwok ne ya yanke, ko wannan shafin ma ba zai iso wayar ba. Mai difloma a kwamfuta irina ya san wannan, balle ku da kuke kiran kanku injiniyoyi.

Ranar da kuka kawo mana aikin, da bakinku kuka ce da Node.js, wani tsarin gina manhaja, kuka rubuta shi, Nginx na gaba yana gadin ƙofa. Wannan haɗin yana da sanannen ciwo. Node.js, in ba a taɓa saitinsa ba, yana rufe layin sadarwar da ya zauna ba aiki bayan daƙiƙa 5. Shi kuwa Nginx, in an saita shi ya riƙa ajiye layuka a buɗe, yana iya riƙe layi har daƙiƙa 60. Sai a yi arangama: daidai lokacin da Node.js ke rufe layin, Nginx ya cusa oda a ciki, ta faɗi a tsakani. Kuma tun fitowar Nginx 1.9.13 a 2016, ba ya sake tura buƙatar shigar da bayani da kansa in ta faɗi, sai irin ta buɗe shafi kawai. Ai kun ga ya yi daidai da abin da muke gani: jerin kaya da farashi suna buɗewa ba gardama, madannin tura oda ne ke cin amana. Gyaran saiti ɗaya ne, a sa lokacin Node.js ya zarce na Nginx. Na rubuta muku wannan. Amsar da na samu ita ce in goge tarihin burauza.

Ban ce lallai shi ne ba. Yana iya zama ƙwaƙwalwar sabar ce ke cika, Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, ya kashe manhajar don ya ceci kansa, ta sake tashi, duk odar da ke hannunta a lokacin ta tafi. Yana iya zama rumbun bayanai ne ya ƙoshi, tunda irin rumbun da ake kira PostgreSQL layi 100 yake karɓa a lokaci guda in ba a ƙara masa ba, ga shi abin ya fi tsananta da safiyar ranakun kasuwa. Kowanne daga ciki yana barin sawu a log ɗin sabar, wato rajistar da take rubuta abin da ya faru, da awa da minti. Ni ba ni da mabuɗin shiga, ku ke da shi. Ina turo muku lokacin da kowace oda ta ɓace, har da sunan garin. Aikin bai wuce ku buɗe log ɗin Nginx, ku buɗe na manhaja, ku jera su ku ga inda aka rabu ba. Me ya hana? Ko dai ba ku ajiye log ɗin ba ne sam?

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne shafin da ke nuna 504. Nan Nginx ya jira daƙiƙa 60 bai ji amsa ba, ya ce wa dila abin bai yiwu ba, alhali can ciki manhajar ta gama rubuta odar. Dila ya bi shawararku, ya sake gwadawa. Oda ta zama biyu. Muka loda kaya ninki, direba ya ƙona man da kowa ya san tsadarsa, ya isa, mutumin ya rantse da Allah rabi ya nema. Kuma gaskiyarsa. Wa Alhaji zai kalla? Ni. "Malam, yaya aka yi haka?" In ce masa me, daƙiƙa 60? Dattijon da ya yi shekaru yana kasuwanci da littafi da biro bai taɓa aika kaya sau biyu ba.

Wannan ma maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Kowace oda a ba ta lambarta tun daga wayar dila, in lambar ta sake zuwa sabar ta gane ta, ta ƙi rubutawa karo na biyu. Sannan dila ya samu saƙon tes mai ɗauke da lambar, ya san ta shiga. Wanda bai ga tes ba ya kira mu.

Yanzu abin da ake ciki, kowane dila in ya tura oda sai ya kira ni ya tabbatar, ni kuma in rubuta a littafi. Muna biyan manhaja, muna biyan data, muna biyan katin kira, muna aiki biyu. Kuɗin wata kuwa bai taɓa ɓacewa a hanya ba, ranar ɗaya ga wata saƙon tunatarwarku ke shigowa tun kafin mu buɗe shago.

Alhaji ya ce in shaida muku ba zai sa hannu a sabunta yarjejeniya ba sai kun turo log ɗin ranakun da na lissafa muku, tare da bayani a rubuce na abin da kuka gano da abin da kuka gyara. Kuma a haɗa ni da injiniyan da ke riƙe da sabar, ba yaron waya ba.