Birni Mai Lambuna, Amma Babu Inda Kare Zai Taka Ƙasa

Yau wata takwas ke nan ina yawo a cikin Abuja da kare a bayan mota, ina neman wurin da zan sauke shi ya miƙe ƙafa na rabin awa ba tare da wani ya daka mini tsawa ba, kuma har zuwa safiyar Asabar da ta wuce ban samu ba. Na gaji, kuma zan faɗi abin da ke raina ko da masu ganin maganar kare ba ta cancanci tawada ba za su yi mini dariya.

Ban ajiye kare don ado ba. Ɓarayi ne suka haura mana katanga sau biyu a damina guda, suka kwashe batiran sola da injin ban ruwa, a karo na biyu har suka taɓa tagar ɗakin yara, abin da ya sa na samo Duna, kuma tun da ya shigo gidan ba mu sake jin motsin kowa ba. Da ya fara yin ƙiba yana yawan gurnani, yana tauna duk abin da ya samu har da tayar keken yara, sai na kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan ya duba shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwo ke damunsa ba, zaman wuri ɗaya ne. Karen da ya kwana ya wuni a sarƙa, wata rana mai gidan zai fara ciza." Ya ce a riƙa fita da shi kullum, da sassafe ko bayan la'asar, domin kwaltar watan Maris da Afrilu tana ƙona tafin ƙafar kare kamar garwashi. Na yi masa godiya ina ganin abu ne mai sauƙi, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wurin shaƙatawa na farko da na nufa, na je da shiri irin na mai zuwa kotu. Ga katin allurar rigakafin haukan kare da sa hannun likita, ga igiya gajera, ga takunkumi a bakinsa, ga leda biyu a aljihu don kwashe kashinsa. Mai gadi ya leƙo ta tagar mota, ya ja da baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a shiga da kare." Na tambaye shi inda aka rubuta haka, domin ga allo nan a bakin ƙofa, an hana tsinke fure, an hana zubar da shara, an yanka kuɗin ɗaukar hoton biki, amma babu kalma ɗaya a kan dabba. Ya ce Oga ne ya faɗa. Na ce a kira mini Oga, ya ce bai zo ba, kuma ba a ba da lambarsa. Muna cikin wannan jayayya sai ga wani yaro ya ja doki ya wuce ta gabanmu zuwa inda ake ɗora yara a karɓi kuɗi, dokin kuwa ya saki kashi a tsakiyar hanya, babu wanda ya ko ɗaga kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne bayan mako biyu a wani lambun dabam. A nan mai gadi bai ce a'a ba, cewa ya yi a ba su na goro. Na bayar, laifina ne kuma na amsa shi, muka shiga, Duna ya sa hanci a ciyawa yana kaɗa wutsiya kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ba mu yi minti goma ba wani mai kaki ya zo da sanda ya ce mu fita yanzun nan, a gaban jama'a, kamar an kama ni da kayan sata. Da na nuna masa wanda ya bar ni na shiga, sai wancan ya juya baya yana danna waya. To, wace irin doka ce wannan da take canzawa daga ƙofa zuwa tsakiyar fili, daga mai gadin safe zuwa na yamma?

Kuma wannan Abuja ce, birnin da aka zana a takarda kafin a aza tubali, wanda tsarinsa na 1979 ya ware filaye masu yawa don itatuwa da shan iska, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da da yawa daga waɗannan filaye suka koma: an zagaye su da waya, an jera kujerun roba, ana gasa kifi ana sayar da giya, kiɗa yana tashi har tsakar dare. Mai son tafiya a ƙasa cikin natsuwa, da kare ko babu kare, shi ne baƙo a wurin da aka ware dominsa.

Wani abokina ya ce in bar lambuna in nufi duwatsu, tunda Allah ya kewaye garin da su, daga Katampe har zuwa wajen Ushafa da madatsar ruwan Usuma. Na gwada sau uku a wani tudu da ke kusa da mu. Hanyar hawa babu alama, rabinta an toshe da shingen masu gini, ciyawar damina kuma cike take da kaska, har sai da na zauna da fitila ina cire su ɗaya bayan ɗaya daga kunnen Duna. Bayan sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 kuwa, uwargida ta ce idan na sake hawa dutse ni kaɗai da asuba, in nemi wanda zai buɗe mini ƙofa. Ban yi mata musu ba. Bakin teku kuma ba ma maganarsa, domin babu shi a nan, kuma ko a Legas, tsohon bakin ruwan Bar Beach da kowa ke zuwa ya tafi ƙarƙashin ginin sabuwar unguwar Eko Atlantic. Saura titin unguwa, inda babu gefen masu tafiya a ƙasa, kwata a buɗe, masu babur suna shafar gwiwar mutum, yara suna jifa, ga karnukan da ba su da mai su suna biyo mu, waɗanda babu wanda ya taɓa yi musu allura.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Akwai mai tsoron kare tun yana yaro, akwai wanda ba ya son kare ya shafi rigar da zai yi salla da ita, kuma haƙƙinsa ne ya zauna a lambu hankali kwance. Sai dai kada a fake da addini a rufe bakin magana. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malaman sharhi sun kawo cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa don tsaro da katangarsa ta faɗi. Mafarauta da makiyaya sun daɗe suna tafe da karnukansu a ƙasar Hausa. Idan ya halatta in ajiye shi ya tsare mini gida, to ya wajaba in ba shi haƙƙinsa, kuma motsa jiki yana cikin haƙƙin.

Mu ma masu karnuka akwai ɓatagari a cikinmu, ba zan ɓoye ba. Na ga wanda ya saki ƙaton kare a kan titi yana cewa ba ya cizo, alhali yara suna gudu suna faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, don haka tsoron jama'a ba shirme ba ne. Amma maganin irin wannan mutum doka ce a rubuce wadda za ta kama shi, ba korar wanda ya zo da kati da takunkumi ba.

Ba wani abin al'ajabi nake nema ba. A babban lambun Central Park na birnin New York, an yarda a kwance wa kare igiya daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, bayan haka dole a ɗaure shi har dare. A Ingila, garuruwa da yawa na bakin teku suna hana karnuka wasu sassan rairayi daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, su bar sauran a buɗe, kuma an kafa allo kowa yana karantawa. Wato an raba lokaci, an raba wuri, mai tsoro ya san sa'ar da zai zo, mai kare ya san iyakarsa. Me zai hana masu kula da lambunan Abuja su ware kusurwa ɗaya a lambu uku ko huɗu, su zagaye ta da waya, su ce daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 8, da katin allura na shekarar, da igiya, da tarar da za ta yi zafi ga wanda ya bar ƙazanta? Ko kuɗin shiga aka yanka zan biya, muddin za a ba ni rasit. Idan kuma hanawa za a yi gaba ɗaya, a rubuta a manna, in daina ƙona mai ina zuwa ana wulaƙanta ni.

Kafin a yi hakan, ni da Duna muna zagaya tsakar gida tsakanin mota da tankin ruwa. Na ƙirga jiya da asuba, sai mun yi zagaye arba'in kafin ya fara haki.