Ku daina ce mana likita ne kawai

Wallahi tun jiya da daddare abin nan yake cin raina. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗora hoton Dokta Abdul'aziz Rantisi a WhatsApp ɗinsa, ya rubuta a ƙasa wai likitan yara ne da aka kashe don kawai yana duba marasa lafiya a Gaza. Na kira shi na ce kai, sauke abin nan. Sai ce min ya yi ai Yaya kowa ma turawa yake. To kowa ɗin ƙarya yake turawa, kuma ƙarya ko don Falasɗinu aka yi ta sunanta ƙarya.

Eh, likitan yara ne, wa ya musa? A Iskandariyya ta Masar ya yi karatun likitanci, ya dawo ya yi aiki a asibitin Nasser da ke Khan Yunis. Amma ranar 17 ga Afrilu 2004 da jirgin Isra'ila mai saukar ungulu ya harba wa motarsa makami a birnin Gaza, shi ne shugaban Hamas a Gaza, kujerar da ya hau bayan kashe Sheikh Ahmad Yasin ranar 22 ga Maris, ko wata ɗaya bai cika a kanta ba. Yana cikin mutanen da suka kafa ƙungiyar a Disamban 1987. Shi kansa bai taɓa ɓoye wannan ba, a gaban kyamara yake faɗa da bakinsa, to kai da kake zaune a Kano da wayarka waye kai da za ka cire masa rigar da ya zaɓa ya saka?

Kar wani ya zo min da maganar wai ban san zaluncin da aka yi musu ba. Na sani. An haife shi a 1947 a garin Yibna na Falasɗinu, yana jariri aka kori iyayensa a 1948, ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira. Yana ɗan shekara 9, a 1956, sojojin Isra'ila suka shiga Khan Yunis suka yi wa maza kisan gilla, kawunsa na ciki. A Disamban 1992 Isra'ila ta kwashe shi da wasu Falasɗinawa, su 415, ta zubar a Marj al-Zuhur a kudancin Lebanon cikin tsananin sanyi, a tantuna, shi ne kakakinsu, a nan ma duniya ta fara sanin fuskarsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya karanta bai ji komai a ƙirjinsa ba to ya binciki zuciyarsa. Kashe mutum da makami daga sama a tsakiyar unguwa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, ni ban yarda da shi ba, ko a kan wa aka yi.

Amma fa sauran rabin labarin shi ne kuke tsallakewa. Mutumin nan ya sha fitowa yana kare harin ƙunar baƙin wake. Ranar 10 ga Yuni 2003 aka kai masa hari ya tsira da rauni, washegari wani ya tarwatsa kansa a cikin bas a Ƙudus, mutum 17 suka mutu, Hamas ta ce ita ce. Watan Agusta na shekarar aka sake yi a wata bas ɗin, sama da mutum 20, har da jarirai. Likitan yara fa! Mutumin da ya san nauyin jariri a tafin hannunsa, ya san yadda uwa take kallon fuskar likita tana jiran ya buɗe baki. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa, kuma ba zan haɗiye ba don in burge kowa.

Mu da muka ga abin da ya faru a tashar mota ta Sabon Gari a 2013, muka ga na Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a 2014, takalma birjik babu masu su, mu ne za mu zauna muna yi wa bam a cikin mota kwaskwarima? Kar a ce min ai wancan daban wannan daban. Dalilin faɗan daban ne, na yarda, amma yaron da ke zaune a jikin taga bai san dalilin kowa ba.

Ga kuma inda abin ya fi yi min ciwo, ku da kuke ganin taimako kuke yi. Sau da yawa hujjar Isra'ila idan za ta afka wa asibiti ita ce wai Hamas tana fakewa a ciki, wai wasu likitocin ma 'yan Hamas ne. Kai kuma ka ɗauko shugaban Hamas na gaske ka ce likita ne kawai, ka cakuɗa su wuri ɗaya, ai ka miƙa musu sandar da za su doki likitocin da ba ruwansu ke nan. Gobe idan ka ce an kama likita ba laifin tsaye ba na zaune, wa zai yarda da kai? In likitan yara kake nema ka ɗora, ga Dokta Husam Abu Safiya nan, shugaban asibitin Kamal Adwan a arewacin Gaza, wanda aka kashe ɗansa a Oktoban 2024, ya yi masa sallah ya koma bakin aiki, aka ce ya fita ya ƙi barin marasa lafiya, har ƙarshen Disamba da aka gan shi cikin farar rigarsa yana takawa cikin ɓaraguzai zuwa wajen tankar yaƙi, aka tafi da shi. Ƙanin nawa da na tambaye shi, ko sunansa bai taɓa ji ba.

Ni dai tun da na zama uba nake ganin girman likitan yara fiye da da. Watannin baya zazzaɓi ya rufe 'yata wajen ƙarfe biyun dare, jikinta kamar garwashi, muka ruga asibiti, muka tarar da likita ɗaya tal, wata baiwar Allah da tun safe take tsaye, idanunta sun yi jawur, layi har bakin ƙofa. Da fitilar waya ta nemo jijiyar yarinyar ta sa mata ruwa saboda an ɗauke wuta kuma janareton ba mai. Har yau ban san sunanta ba, kuma wani ma'aikacin wurin ya ce min ita ma takardun fita waje take haɗawa.