Samari, me ɗorawa ta yi muku?

Ranar Laraba na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa. A gonar da ke bayan makabarta na tarar da samari uku sun kwantar da ɗorawa. Da busasshiya ce da ban ce uffan ba, ɗanya ce shar, har ta soma fure. Sun daddatsa ta da inji, sun jera gumaguman, sun rufe da ciyawa da ƙasa, hayaƙi na tsirtowa ta gefe. Na ce me ya yi zafi? Ɗayansu ya ce, "Kawu, gawayi ne, mota na zuwa daga birni." Can gefe wata tsohuwa na tsaye ta rafka tagumi. Ta ce mini tun tana amarya take yin daddawa da kalwar wannan itaciya.

Ƙannena, wallahi don ƙauna nake wannan magana, amma raina ya ɓaci. Ɗorawa fa! Kalwarta ce daddawar miyarku, garinta muka sha muna yara lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa, da ɓawonta ake makubar daɓe. Duk shekara tana bayarwa, ba taki ba ban ruwa. Ku kuma a wuni ɗaya kun mai da ita buhunan da kuɗinsu ba zai kai ku mako biyu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kun gama da kirya, kun gama da marke, yanzu kun juyo kan itatuwa masu ciyar da mu. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a jikinta iyayenku mata ke samun man kaɗe da kuɗin sabulu, ita ma ba ku bar ta ba. Gawo da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya takince ƙasa, ya ciyar da awaki da rani, shi ma gatari. Wanda ya sare gawo a gonar ubansa sannan ya zo yana kukan tsadar takin zamani, wa ya cuce shi?

Na san babu aiki, na san gas ya yi tsada, mu na birni masu sayen gawayin ma da namu laifin. To amma kuɗin ina suke tafiya? Da yawa a cacar ƙwallo ta waya suke ƙarewa, wasu a wajen masu ƙwaya. Ka kashe itaciyar da ta girmi mahaifinka don ka buga caca!

Ku leƙa Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: in an zo sharar gona ba a ƙone kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rage sauran, a bar shi ya tashi. Da haka suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Su suna raino, mu muna ƙonawa. Ku ji tsoron Allah, ku sake tunani. Manzon Allah (SAW) ya ce ko Alƙiyama ta zo da dashe a hannun mutum, in zai iya ya dasa shi.

Da can ba haka muke ba. Mahaifinmu ko reshe zai sara wa dabbobi sai ya zagaya itaciyar ya duba wanda ba zai cutar da ita ba. Mai magani in ya zo sassaƙen maɗaci gefe ɗaya yake ɗiba, ya shafa ƙasa a wurin. Yaro ya ɗora gatari kan ɗorawa, kafin la'asar maganar ta kai gaban mai gari. Yau dattawa na gani suna kau da kai, wasu ma su ke sayar da itacen a tsaye.

Da zan dawo, tsakanin garinmu da bakin kwalta na wuce motoci biyu maƙare da gawayi, ga wasu buhunan jere a gefen hanya suna jiran lodi.