Azabar da kotu ta sa wa hannu: Na'urar jan wuta a Massachusetts

A garin Canton na jihar Massachusetts a Amurka akwai wata cibiya mai suna Judge Rotenberg Center, inda ake ajiye yara da manya masu lalurar galahanga da sauran matsalolin ƙwaƙwalwa. Wasu daga cikin mazauna wurin da jaka suke yini a baya. A cikin jakar akwai batir da wata na'ura da ake kira GED, an ɗaura wayoyinta a hannuwansu ko ƙafafu ko ciki, ma'aikaci kuma yana rataye da rimot a ƙugu. Da zarar mai jakar ya aikata wani abu da ke cikin jerin laifuffukan da aka rubuta masa, sai a danna, wuta ta ja shi tsawon daƙiƙa biyu. Wannan daban yake da jinyar lantarki da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi bayan sun sa majinyaci barci. Ita GED don ta yi zafi aka ƙera ta, zafin shi ne aikinta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce wannan cibiya kaɗai ke amfani da irin na'urar a duk ƙasar, a kan mutum kusan 50.

Matthew Israel, wanda ya kafa cibiyar a 1971 a jihar Rhode Island, ɗalibin B. F. Skinner ne a jami'ar Harvard, malamin da ya yi suna wajen gyara ɗabi'ar ɓeraye da tantabaru ta hanyar lada. Israel ya ɗauko wannan tunani ya haɗa shi da horo mai zafi, ya ɗora a kan 'yan Adam. Kafin wuta ta shigo, mintsini ake yi, da duka, da fesa ruwa a fuska. Da hukumomin Massachusetts suka yi yunƙurin hana waɗannan hanyoyi a 1985 bayan mutuwar wani ɗalibi, alƙali Ernest Rotenberg ya goyi bayan cibiyar, aka ƙulla yarjejeniya a 1987 cewa za a ci gaba muddin kotu ta amince da shirin kowane mutum. Sunan wannan alƙali aka raɗa wa cibiyar daga baya.

Zan fara da hujjar masu kare na'urar, domin ba mahaukata ba ne, yawancinsu ma iyaye ne. Akwai uwar da ɗanta ke buga kai da bango har jini ya zuba, akwai wanda ke ƙwaƙule idonsa, akwai wanda ke cizon naman jikinsa. An kore shi daga makaranta bayan makaranta, an ɗura masa magunguna har ya daina gane mahaifiyarsa. Ta kai shi Canton, bugun kan ya ragu. Idan ta tsaya gaban kotu ta ce na'urar ta ceci ran ɗanta, ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani take faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk mai sukar waɗannan iyaye alhali bai taɓa kwana yana riƙe da hannun yaro don kada ya fasa kansa ba, ya kamata ya sassauta harshe.

Amma fa jikin da wutar ke ratsawa ba na uwar ba ne. Kuma tarihin cibiyar ya nuna cewa rimot ba ya tsayawa inda aka yi alkawari zai tsaya. A 2006 masu bincike daga ma'aikatar ilimi ta jihar New York, wadda ke tura ɗalibai da yawa can, sun rubuta cewa ana jan yara da wuta saboda abubuwan da ba su cutar da kowa, irin su naci, zagi, da rashin tsabtar shiga. A 2002 an ɗaure wani saurayi ɗan shekara 18 rub da ciki a kan katako, aka ja shi da wuta sau 31 cikin kusan awa bakwai. Laifin farko shi ne bai cire rigar sanyinsa ba da aka ce ya cire. Sauran kuwa yawanci don ya yi ihu ne ko ya ɗaure jiki, wato an hukunta shi saboda jin zafin hukuncin. Bayan 'yan kwanaki aka kai shi asibiti. Sai a 2012 duniya ta ga bidiyon, lokacin da aka nuna shi a kotu a ƙarar da mahaifiyarsa ta shigar.

Abin da ya faru a 2007 ya fi wannan tona asiri. Wani ya bugo waya cikin dare a ɗaya daga cikin gidajen kwanan cibiyar, ya yi shigar burtu a matsayin shugaba, ya ba da umarni. Ma'aikata suka tashi samari biyu daga barci, suka ja ɗaya da wuta sau 77, ɗayan sau 29. Muryar wanda ba su gani ba ta ishe su hujja. Israel kansa ya sauka daga shugabanci a 2011 bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara, bayan an tuhume shi kan lalata bidiyon wannan dare.

Sannan akwai batun ko na'urar tana warkarwa. Da tana warkarwa, da an ga ana cire ta bayan ɗan lokaci. Sai ga mutane suna shafe shekaru da jaka a baya. Da jikin wasu ya saba da zafin, cibiyar ta ƙera wata mai ƙarfi fiye da ta farko, GED-4. Da FDA ta tattara binciken da ake da shi, ta ce hujjar amfani mai ɗorewa ba ta da ƙarfi, illar kuwa a bayyane take: ƙuna, lalacewar fata, fargaba, baƙin ciki mai tsanani, da firgicin da ke bin mutum bayan abin ya wuce. Mutumin da ba ya iya magana yakan buga kansa ne don haƙori na ciwo, ko hayaniya ta yi masa yawa, ko yana neman wani abu ba a gane ba. Wuta za ta iya tsayar da hannunsa, amma haƙorin yana nan yana ciwo, kuma yanzu an toshe masa hanya ɗaya tilo da yake faɗa.

Waɗanda suka hana wannan magana mutuwa su ne masu buƙata ta musamman da kansu. Ƙungiyar Autistic Self Advocacy Network, wadda masu galahanga ke jagoranta, ta daɗe tana gangami, tana tara sa hannu, tana bin 'yan majalisa ofis-ofis. A 2018 'yan ƙungiyar ADAPT, da yawansu a kan keken guragu, sun yi zaman dirshan a ƙofar gidan shugaban FDA na lokacin, Scott Gottlieb, a Washington. Tsofaffin mazauna cibiyar sun ba da shaida a zaman da FDA ta yi a 2014. Jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya biyu masu bincike kan azabtarwa, Manfred Nowak a 2010 da Juan Méndez a 2013, sun ce abin da ake yi a wurin ya saɓa wa haramcin azabtarwa. Ita kanta babbar ƙungiyar masana gyaran ɗabi'a, ABAI, wadda ta daɗe tana ba cibiyar dandali a tarukanta, a 2022 mambobinta suka yanke cewa ba su yarda da jan wuta ba a kowane hali.

To me ya hana a daina? FDA ta gabatar da ƙudurin haramci a 2016, ta tabbatar da shi a Maris 2020. A Yuli 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Washington ta soke shi, alƙalai biyu da ɗaya. Kotun ba ta ce na'urar tana da amfani ba. Cewa ta yi hukumar ba ta da hurumin haramta na'ura don wani amfani guda ta bar ta don wani, domin hakan katsalandan ne a aikin likitoci. Majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar a ƙarshen 2022, ta ba FDA wannan hurumi ƙarara, hukumar kuma ta sake gabatar da haramcin a Maris 2024. Tsakanin nan, a 2023, kotun ƙolin Massachusetts ta bar yarjejeniyar 1987 ta ci gaba da aiki. Duk shekarun da lauyoyi suka kwashe suna musu kan hurumi, ana danna rimot.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: babu alƙalin da zai yarda a ɗaura wa mai kisan kai da ke kurkuku wayoyi, a riƙa jansa da wuta duk lokacin da ya yi zagi, da sunan gyara hali. Da an yi, da an kira shi da sunansa. Amma idan mutum ba ya iya magana, kuma wani ya sa hannu a madadinsa, sai abin ya koma "shirin jinya".

Mu ma kada mu ga kamar labarin wata duniya ne. Lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, wasu da mari a ƙafa, iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu, kuma irin dalilin iyayen Canton suke bayarwa: mun rasa inda za mu kai shi. Wannan rashin wurin zuwa shi ne jarin duk mai sayar da azaba a matsayin gyara.

Shi ya sa haramcin kaɗai ba zai wadatar ba, ko da yake dole ne a yi shi ba tare da wata kafa ba. Jihohin da ke biyan cibiyar maƙudan kuɗi kan kowane mutum su karkatar da kuɗin zuwa ga ma'aikatan da aka horar, da binciken lafiya na tsanaki, da na'urorin da ke taimaka wa marar magana ya bayyana abin da ke damunsa. A sauran jihohin Amurka ma akwai masu bugun kai da cizon jiki masu tsanani, kuma ana kula da su ba tare da wuta ba. Mutum 50 ɗin da ke Canton kowannensu yana buƙatar shirin sauyi nasa na kansa, a tsara shi tare da iyayensa, kuma a tambaye shi shi ma ta duk hanyar da yake iya amsawa.